Yarona yana ɗaukar kuɗi yana ƙarya: idan bai gama mallakar kansa ba, dukansa zalunci ne?

Wata baiwar Allah ce ta turo min tambaya ta ce in amsa a fili ko wasu iyayen za su amfana. A taƙaice ɗanta mai shekara 8 ya fara ɗaukar kuɗi a jakarta, in an aike shi ya riƙe canji ya ce ya faɗi a hanya, ta zane shi da wayar caja, babansa ya sa masa bel, amma abin sai gaba yake yi, yanzu har rantsuwa yake da Allah alhali kuɗin na cikin aljihunsa. Ƙaninta da ke jami'a ya ce mata ai masana sun gano ɗan Adam ba shi da wani zaɓi, ƙwaƙwalwa da gado da muhalli ne ke juya shi, saboda haka duk wani hukunci zalunci ne. Surukarta kuma ta ce sakaci ne kawai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a ƙara masa wuta. Ita abin da ke hana ta barci shi ne, idan Allah ne Ya ƙaddara wa yaron wannan halin to da wane haƙƙi take dukansa, in kuma ta daina ba ta sake shi ya lalace ba kenan?

Toh 'yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi wannan tambayar, don yawancinmu hannu ne ke riga tunani. Ni aikina koyar da ilimin halayyar yara ne ga masu shirin zama malaman makaranta, kuma ina yawan zama da iyaye a kan irin wannan matsalar, don haka zan gaya miki ra'ayina tun daga farko ba tare da kwana-kwana ba: ki ajiye wayar cajar nan, Malam ma ya mayar da bel ɗinsa ƙugunsa, amma horo kam yanzu ma za ku fara shi. Ƙaninki yana da gaskiya a wani wuri, Hajiya ma tana da tata gaskiyar musamman da ta ce yanzu ne lokacin gyara, sai dai kowannensu ya kama gefe ɗaya ya ja har ya zarce.

Duk lokacin da aka hukunta mutum, dalili ɗaya ne cikin biyu a ƙarƙashi. Ko dai sakayya, wato ka yi laifi da saninka da zaɓinka don haka ka cancanci ka ɗanɗana, wannan baya yake kallo, abin da ya riga ya faru. Ko kuma gyara da kariya, wato a hana ka sakewa, a kare mutane, a koya maka abin da ba ka iya ba, wannan gaba yake kallo. Masana falsafa na Turai sun daɗe suna jayayya a kan wannan, Kant na ɓangaren sakayya, Bentham na ɓangaren amfanin da hukuncin zai haifar. Amma mu a kan yaro an riga an yanke mana maganar, don hadisi ne sananne da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda ya rasa hankali har ya dawo hayyacinsa. Dan Allah ki tsaya ki juya wannan a ranki sosai. Ubangijin da Ya halicci yaron nan, Ya san abin da ke cikin zuciyarsa lokacin da ya zuge jakar, bai sa an rubuta masa zunubin kuɗin ba. Kenan babu wani bashi da yaronki ke biya da fatar jikinsa. Duk dukan da aka yi masa da niyyar "ya ji a jikinsa kamar yadda na ji a raina" ba shi da madogara ko kaɗan, ramuwa ce a kan wanda ba a bin sa ramuwa. Abin da ya rage mana a kan yaro ƙofa ɗaya ce tak, ladabtarwa, ita kuma da sakamakonta ake auna ta, in ta gyara ta yi, in ba ta gyara ba to wahalar da aka ba yaron ta tashi a banza kuma za a tambayi wanda ya ba shi.

Maganar ƙaddara kuma da ke damunki tsohuwar magana ce, tun ƙarni na farko da na biyu na Musulunci aka yi ta. Jabariyya, mabiya Jahmu ɗan Safwan, suka ce mutum tilasta shi ake yi ba shi da wani aiki nasa, Mu'utazila suka tafi ɗaya gefen suka ce mutum shi ke halittar aikinsa, Ahlus Sunna suka tsaya a kan cewa Allah ne Mahaliccin komai kuma bawa yana da nufi da iko na gaske waɗanda da su yake aikatawa kuma a kansu ake tambayarsa. Amma ke ba ki ma buƙatar ki warware wannan kafin ki san abin yi da ɗanki. Lokacin da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya isa Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa, Abu Ubaida ya ce masa gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ke ba ki san abin da aka rubuta wa yaron nan ba, ba ki ga ƙarshensa ba, shekararsa 8 kacal, kuma tarbiyyar da za ki ba shi ita ma tana cikin abin da aka rubuta. Shi ya sa ba na son in ji uwa tana cewa hali zanen dutse a kan ɗan firamare, wallahi wannan yanke ƙauna ne da wuri, kuma yaro yana jin sa a muryar uwarsa ko ba ta furta ba.

Abin da ƙaninki ya kawo shi ma ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, akwai masana na gaske da ke faɗin haka, fitaccensu a yanzu Robert Sapolsky ne na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ke cewa duk abin da ka aikata sakamakon abin da ya faru a ƙwaƙwalwarka ne daƙiƙa ɗaya kafin nan, wanda shi ma ya samo asali daga yanayin jikinka, da yarintarka, da zaman da ka yi a cikin mahaifiyarka, da abin da ka gada, har babu inda za a ce ga "kai" da ka zaɓa. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, ni ma ban yarda ba. Amma ko da za mu sallama masa gaba ɗaya, abin da maganar tasa ke rushewa sakayya ce kawai, wadda dama mun ce babu ita a kan yaro. Gyara ba ta taɓa shi ba, hasali ma ƙarfafa shi ta yi, don idan muhalli ne ke gina yaro to ke ce babban muhallinsa, abin da kika yi bayan ya ɗauki kuɗin yana cikin abubuwan da za su sa ya sake ko ya daina. Saboda haka ki gaya wa ƙaninki maganarsa ba ta kai inda yake son kai ta ba, naɗe hannu a zuba wa yaro ido shi ma wani muhalli ne, kuma mummuna.

Inda yake da gaskiya sosai shi ne zaɓi ba abu ne da ake haihuwar mutum da shi cikakke ba, girma yake yi. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya ga abu yana so ya danne zuciyarsa, ya tuna abin da zai biyo baya, ya jinkirta, shi ne na ƙarshe wajen kammala girma, sai wajen shekara 25 yake gama nuna. Yaro ɗan 8 ya san sata ba kyau, in kin tambaye shi zai gaya miki har da hadisi, amma sani daban, ƙarfin riƙe kai a gaban mai alawa da awara a ƙofar makaranta daban. Kamar ɗaukar ruwa a ka ne, yarinya da ɗan ƙaramin kwano take farawa, ruwa na zuba tana jiƙewa, wuyanta na ƙarfi a hankali har ta kai ga ɗaukar tulu, kuma babu mai hankalin da zai ɗora mata tulu ranar farko ya dake ta don ya fashe. Fiƙihu ya san wannan matakan, shi ya sa aka raba tsakanin yaron da bai kai wayo ba, da mai wayo, da baligi. Dokar ƙasa ma haka, sashe na 50 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya ce abin da yaro ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, tsakanin 7 da 12 kuma sai in an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi da abin da zai haifar. Kinga kotu ma da alƙali da ɗan sanda ba za su ɗauki ɗanki a matsayin cikakken ɓarawo ba, bai kamata a ce a ɗakin uwarsa ne za a ɗauke shi haka ba.

Kuma ƙarfin riƙe kan nan ba daidai yake a wurin duk yara ba, wannan ne abin da ke sa ni baƙin ciki idan na ga ana jibgar yaro ana cewa ga ɗan'uwanka nan me ya sa shi ba ya yi. Yunwa na rage shi, ƙarancin barci na rage shi, tashin hankali tsakanin iyaye na rage shi. Ki tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Waɗanda suka rayu da yawa dalmar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma sananne ne a likitance cewa dalma tana rage fahimta da natsuwa da iya danne kai. Yanzu ki ɗauka ɗaya daga cikin yaran nan yana aji, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya riƙe karatu, malami bai san tarihinsa ba sai bulala kullum da sunan taurin kai. Ba ina cewa ɗanki na da irin wannan ba ne, ina nuna miki ne cewa abin da muke kira kunnen ƙashi sau da yawa akwai wani abu a ƙarƙashinsa da idonmu bai gani ba.

Akwai wata ƙissa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da nake so duk uba da uwa su sani. Bayin wani sahabi mai suna Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka suka ci, aka kai ƙara wurin Umar, har ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya dawo ya ce wa ubangidansu ina ganin yunwa kake bar su da ita, wallahi sai na ci ka tarar da za ta yi maka nauyi. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta ya ce dirhami 400, Umar ya sa aka biya shi 800. Waɗannan fa manya ne baligai, sata ta tabbata, amma Umar da duk tsananinsa sai da ya tambayi abin da ya kai su, kuma da ya gano, nauyin ya koma kan wanda ke da iko da su. To ke ma tambayar da za ki fara yi kenan, ina kuɗin ke zuwa? Ba a tsaye da waya a hannu za ki tambaya ba, don a haka ƙarya kawai za ki samu. A yaran wannan shekarun abin da na fi gani shi ne, ko duk ajin ana zuwa da kuɗin tara shi ba a ba shi, ko akwai wani babban yaro da ke ƙwace masa yana ce masa gobe ka kawo ko ka sha duka, ko yana sayen abokai ne da alawa don ba mai wasa da shi, ko an yi masa ƙani hankalin kowa ya koma can, ko kuma kawai yana ganin kuɗi a ajiye a fili kullum kuma ƙarfinsa bai kai ba. Kowanne maganinsa daban, kuma babu wanda maganinsa wayar caja ce, na babban yaron da ke ƙwace masa ma ki duba, yaro ana dukansa a makaranta in bai kawo ba, ana dukansa a gida in ya ɗauka, ina zai sa kansa?

Na san za a ce to hadisin sallah fa, ku umarci 'ya'yanku da sallah suna da shekara 7, ku dake su a kanta suna da 10. Hadisi ne da malamai suka karɓa kuma ba zan yi wasa da shi ba, amma mu karanta shi duka. Sallah ce fa, mafi girman aiki bayan shahada, amma ba a yi maganar duka ba sai a shekara 10, bayan shekara 3 cur ana umarni ana tunatarwa, in kika lissafa salloli biyar a rana sama da sau 5,000 kenan. Ɗanki ma bai kai goman ba. Sannan malamai sun kewaye dukan da sharuɗɗa, kar ya zama mai cutarwa, kar ya fasa fata ko ya bar tabo, kar a taɓa fuska, kar a yi shi cikin fushi. Muhammadu ɗan Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, da ya yi rubutu a kan ladubban malaman yara ya iyakance abin ga bulala 3, ƙari a kai sai da izinin uba, kuma ya hana malami ya yi duka don huce haushinsa. Ki auna wannan da abin da wayar caja ke yi wa bayan yaro. Sannan ga Nana A'isha tana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan wani da hannunsa ba, ba mace ba ba hadimi ba, sai dai a fagen yaƙi, ga Anas ɗan Malik da ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro yana cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Mun riƙe izinin da aka bayar da sharaɗi mun saki abin da shi kansa ya aikata a gidansa.

Maganar da ta fi dacewa da halin da kike ciki ita ce ta Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin da ake wa laƙabi da sarkin malamai, ya rasu a Masar a 660 bayan Hijira. Ya kawo tambaya, idan yaro ba ya gyaruwa sai da duka mai tsanani, ya halatta a yi masa? Ya ce a'a, kuma a wannan halin ko mara tsananin ma bai halatta ba, saboda duka ɓarna ne a kan kansa, an ba da izininsa ne kawai don hanya ce zuwa gyara, in gyaran bai samu ba hanyar ta faɗi. Ke da bakinki kika ce kun yi dukan, kun ƙara, abin sai gaba yake yi. Kenan kin riga kin gwada kin ga sakamako, ba sai wani ya zo daga waje ya gaya miki ba.

Rantsuwar ƙaryar nan da ta fi tayar miki da hankali, ina so ki san daga ina ta fito. Ibn Khaldun tun a ƙarni na 14 ya rubuta a Muƙaddima cewa tsanantawa ga yara masu koyo tana cutar da su, tana ƙuntata rai, tana kashe kuzari, tana koya musu ƙarya da makirci da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsu ba don tsoron hannun da zai sauka a kansu, har abin ya zame musu ɗabi'a. Bayan shekara sama da 600, a 2011, wasu masana biyu daga Kanada, Victoria Talwar da Kang Lee, suka buga wani bincike da suka yi a makarantu biyu a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka a kan kowane ƙaramin laifi, ɗaya ba a yi. Yara 'yan shekara 3 da 4 aka sa wa abin wasa a bayansu aka ce kar su waiga, babba ya fita daga ɗakin. A makarantun biyu yawancin yaran sun waiga, wato dukan bai ƙara musu riƙe kai ba. Da aka dawo aka tambaye su, a makarantar da ba a duka kamar rabi ne suka yi ƙarya, a makarantar bulala kuwa kusan dukkansu, kuma sun fi iya kare ƙaryar idan aka bi su da wasu tambayoyin. Ɗanki lissafi ya yi, in ya faɗi gaskiya duka tabbas, in ya rantse wataƙila ya tsira, kuma duk ranar da rantsuwar ta cece shi an ƙara koya masa ita.

A 2016 wasu masana biyu, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara bincike 75 da suka shafi yara sama da 160,000, kuma duka mai sauƙi suka duba, na tafin hannu a ɗuwawu ko hannu da ƙafa, ba na waya ko dorina ba. Ba su sami inda yake tafiya da ingantuwar hali ba, sai ma ƙarin faɗa da rashin ji da damuwa da lalacewar shaƙuwa da iyaye. Gaskiya ne cewa yaro mai ƙiriniya dama shi ya fi jawo duka, don haka ba duk abin da aka gani ne dukan ya haifar ba, amma binciken da suka bi yara shekara da shekaru suna la'akari da halinsu na farko su ma sun nuna abin ƙaruwa yake. Masu cewa ai mu an dake mu ga mu nan lafiya, ina girmama iyayenmu kuma na san da ƙauna suka yi, amma a ganina abin da ya gyara mu shi ne sauran abubuwan da ke gidan, uwa da ke zaune da mu, kaka mai tatsuniya, maƙwabcin da zai tsawatar, uban da muka ga bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Kuma waɗanda aka daka suka kangare ba su ne ke zuwa su ba da labari ba. Matsalar duka ita ce jiki na sabawa, sai an ƙara, daga tafi zuwa tsumagiya zuwa waya, in ya kai 15 ya fi ƙarfin uwa sai a fara neman inda za a kai shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa a Kaduna, da yawa yara ne, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara.

To me za ki yi. Ki fara da rufe jakarki ki daina ajiye kuɗi a inda zai gani, wannan ba gazawa ba ce, rage masa nauyin da bai kai ɗauka ba ne kafin ya yi ƙarfi. Ki zaunar da shi ku biyu lokacin da ba a yi komai ba, ba gaban ƙannensa ba, ki ce masa kin san yana ɗauka, ba tambayarsa kike ba, kuma daga yau ba za a dake shi ba amma duk abin da ya ɗauka sai ya biya. Wannan biyan shi ne zuciyar horon, kuma fiƙihu ma haka ya tsara, yaro in ya lalata dukiyar wani babu zunubi a kansa amma biyan dukiyar yana nan. In ya ɗauki naira 200 a cire daga kuɗin tararsa kaɗan-kaɗan yana gani ana rubutawa, ko ya yi wani aiki na musamman da ba nasa na kullum ba, in a shagon unguwa ya ɗauka ki raka shi ya mayar da hannunsa ya ba da haƙuri, ke kina tsaye a gefensa ba kina tozarta shi ba. Wannan yana da ɗaci, zai yi kuka, ki bar shi ya yi, ɗacin da ke da alaƙa da laifin shi ke koyarwa. Kuma ki sa gaskiya ta fi ƙarya araha a gidanki, in ya faɗa da kansa biya kawai, in sai da aka kama shi biya da ƙarin rasa wani abu da yake so kamar kallo ko fita ƙwallo na kwana biyu. Ranar da ya fara cewa Umma ni na ɗauka, ki danne zuciyarki ki ce masa kin ji daɗin gaskiyar nan kafin ki yi maganar biya, don wannan ranar ce kike nema.

Abin da ke sa irin wannan ya yi aiki shi ne tabbas. Cesare Beccaria, wani masanin shari'a na Italiya, ya faɗa tun 1764 cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, kuma a gida ma haka ne, ƙaramin sakamako da ke zuwa kowane lokaci ya fi dukan mutuwa da ke zuwa ranar da ran Baba ya ɓaci kawai, gobe kuma a yi dariya a kan laifin iri ɗaya. Sannan ki ba shi abin da zai yi atisayen amana da shi, ɗan kuɗi nasa na kansa a mako ko asusu, ki aike shi da kuɗin da canjinsa kaɗan ne ki ƙirga a gabansa in ya dawo, ya cika ki yaba, a hankali ki ƙara. Kuma dan Allah kalmar ɓarawo ta fita daga gidan, ke da babansa da yayyensa, kar a ba baƙi labari yana ji, don yaro yana zama abin da aka saba kiransa, in ya yarda shi ɓarawo ne to me kuma zai kare.

A lokacin da kika gano kuɗi sun ɓata jininki ya hau, ki tuna a cikin ku biyun ke ce baliga, ke ce alƙalami ke rubuta wa, ke ce aka ce in kin yi fushi kina tsaye ki zauna, in bai tafi ba ki kishingiɗa, ki yi alwala. Ki ce masa za mu yi magana bayan la'asar, ki fita daga ɗakin. Jiran nan kansa horo ne a gare shi, kuma yana kallon yadda babba ke riƙe kansa, wanda shi ne ainihin abin da kike so ya koya.

Malam kuma ki same shi ku kaɗai ku daidaita, don in ke kin daina shi yana yi, yaron zai koyi ɓoye wa ɗaya ne kawai. Hajiya kar ki yi jayayya da ita, ki ce mata kun ɗauki maganarta kun tsaurara masa, yanzu duk abin da ya ɗauka sai ya biya, ki roƙe ta ta riƙa jan shi a jiki tana yi masa nasiha da addu'a, kakanni sun fi mu iya wannan kuma sau da yawa jika zai gaya wa kakarsa abin da ba zai gaya wa uwarsa ba. Ki je makarantar ki ga malamin ajinsa ki tambaya da wa yake zama, wa ke bin sa lokacin tara. Ki ba tsarin nan kamar wata biyu zuwa uku, kuma ki sa ran zai sake ɗauka a tsakani, sakewa ba ta nufin ya rushe. Amma in kin ga bayan haka abin na ƙaruwa, ko yana haɗawa da cutar da dabbobi ko ƙananan yara, ko wasa da wuta, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya zama shiru-shiru yana tsoron wani mutum ko wani wuri, to kar ki tsaya, ki kai shi asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa ki nemi ganin likitan yara, in da buƙata shi zai tura ku ɓangaren masu kula da halayya da ƙwaƙwalwar yara, kuma ki gaya musu komai har da dukan da aka yi masa da irin abin da aka yi amfani da shi.